Gawar Manu

Malumfashi,
tsakiyar Satumba, 2021.

Zuwa ga Awaisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Kano da hayaniyarta. Mu nan lafiya lau. Inna, wato Goggonka, ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma zagaya tsakar gida tana faɗa da kaji. Maigidana kullum yana gona, masara ta bushe ana shirin karya.

Ka ga wasiƙa da biro kamar zamanin iyayenmu. Ka san dalili, don jaridarku ma ta buga: an rufe layukan waya a nan da Funtuwa da ƙananan hukumomin da ke kewaye saboda 'yan bindiga, ba a kuma faɗi ranar buɗewa ba. Wayata ta koma tocila da agogo.

Damuwata littafina ne, Masaƙar Aljanu. Shekara guda ke nan ina rubuta shi, wata uku kuma ina sakin shi babi-babi a zauren masu karatuna na waya, duk Talata da Juma'a, ban taɓa fashi ba. Tunda na san ba ka taɓa karanta shi ba, ga shi a taƙaice: aljanu sun sace ruwan saman wani gari sun saƙe shi cikin zane. Zaituna 'yar masaƙi da ƙanenta Manu, gurgu mai bakin tsiya, sun bi ta ramin marina sun shiga ƙasar aljanun don su warware zanen. Saura babi kaɗan a gama, sai ga wannan rufewa.

Ƙawata Raudatu ta Kaduna ita ce mai riƙe da zauren tare da ni, amma ta haifi tagwaye, ba ta da hannun buga rubutu. Na aika mata saƙo ta saka ka. Aikinka ka buga abin da na rubuta da hannu ka saki a ranakun. Lateef direba, ɗan gidan Alhaji Quadri mai kayan gyaran mota, yana zuwa Kano kusan kullum, shi zai riƙa kai maka yana karɓo amsa.

Na san ni da kai taubasai ne, bakinmu bai saba da gaskiya ba in muna tare. To wannan ba wasa ba ne. Kada ka ƙara, kada ka rage. In ka ga kuskuren harafi ka gyara, iyakarka ke nan.

Inna ta ce ka turo mata ci gaban fim ɗinta mai dogon zango a memori, don an yanke mata shi a tsakiya.

Taka,
Maijidda.

*

Kano,
ƙarshen Satumba.

Baiwata Maijidda,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ban da mura da ta kama ni saboda na'urar sanyin ofis. Ki gaida Goggo, ki ce mata ɗan namiji yana gaida ta, 'yar mace kuma ga ta ta dawo tana roƙona kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni.

Na saki babi huɗu. Kafin in fara sai da na zauna na karanta littafin tun daga farko, kuma zan faɗa miki abin da ban zata ba: yana da kyau. Manu ya fi duk wani jarumi da na gani a fina-finanmu na bana. Sai dai kin cika shi da kaya. Mutum ba zai sha ruwa a littafinki ba sai an gaishe shi da gida da gajiya da iyali. Akwai inda Manu ya tsaya shafi biyu yana gaida wata tsohuwar aljana mai kaɗi a bakin hanya, yana tambayar ta jikokinta da ciwon bayanta, alhali ana bin su da takubba. Na rage wannan da ire-irensa. Aikina ke nan a jarida, kullum sai na yanke wa manyan marubuta, ba wanda ya mutu.

Ga fim ɗin Goggo a memori. Na leƙa shi don in san abin da nake aikawa, na yi da-na-sani. Zango na uku ake ciki, har yanzu likita bai fito daga ɗakin tiyata ya faɗi ko Alhajin zai rayu ba. Mata shida suna kuka da jan baki da gashin ido, ba wadda kwalliyarta ta motsa. In an ce mutum ya fusata sai a buga ganga a matso da kyamara kan hancinsa. Wannan ba fim ba ne, layin gidan mai ne.

Na saka miki abu uku don ki ga yadda ake yi. Akwai wani shirin ƙasar waje na matuƙan jirgin ruwa da suka ɓace a teku. A nan ba wanda ke da tabbacin kai gobe, kyaftin ɗin kansa yana cikin cin abinci ya mutu, shi ya sa ba ka iya tashi daga kallo. Akwai kundin waƙoƙin rok na wasu samari huɗu, shi nake ji a kunne ina buga littafinki, waƙa ta biyar jitar har kuka take yi. Sai wani ƙaton littafin Turanci na tatsuniyar yaƙi, mai taswira a shafin farko. Lateef zai ba ki. Ki karanta, kada ki ɗora tukunya a kai.

Ubangidanki,
Awaisu.

*

Malumfashi,
farkon Oktoba.

Awaisu,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sawwaƙe murar. Muna lafiya, an karya masara, yanzu ana kan waken suya, gidan duk ƙaiƙayi. Inna tana amsawa, amma tana da ƙara a kanka.

Ba ka rubuta sunan komai a memorin ba. Na saka mata a waya na tafi makaranta, ita da maƙwabta sun shimfiɗa tabarma za su ga ko Alhaji ya farfaɗo, sai samarinka huɗu suka fashe da ihu. Inna ta jefar da wayar ta ce injin niƙan Malam Maitama ya kama da wuta. Na saurari waƙa ta biyar da kake yabo. Jitar ba kuka take ba, wanda ke riƙe da ita ne ya kamata ya yi. Amma zan yi adalci, mai gangar ya san hannunsa.

Shirin jirgin ruwan na kalli kashi uku na bari. Suna kashe mutum kafin in riƙe sunansa. Wanda ban sani ba, ina ruwana da mutuwarsa? Littafin taswirar kuwa na kai tsakiya. Marubucin ya iya siffanta dutse da takobi, amma mutanensa kamar daga ƙwai aka ƙyanƙyashe su, ba mai uwa, ba mai kawu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ci abinci da wani don yana son sa. Fim ɗin Inna da kake zagi shirme ne, na yarda, amma mata goma sha suna zama a kansa suna gardama har magariba. Naka kai kaɗai kake kallo da abu a kunne.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro. Na ce kada ka rage, ka ce ka rage. Ban san iyakar abin da ka cire ba, ba ni kuma da hanyar dubawa. Wannan ne ke ci mini rai: littafina yana yawo a duniya, ni da na rubuta shi ba na ganin sa. Ka mayar da duk abin da ka cire, musamman gaisuwar tsohuwar aljana. Ba ado ba ce. Ba zan yi maka bayani ba, ka mayar kawai.

Ga babi na talatin da ɗaya da biyu na bayansa. Na talatin da ɗaya shi ne na gadar zare, wanda na fi shan wahala a kansa. Ka buga shi yadda yake.

Ni ba baiwar kowa ba ce.
Maijidda.

*

Kano,
tsakiyar Oktoba.

Maijidda,

Salam. Mura ta tafi. Ki ba Goggo haƙuri, ki ce wannan memorin fim ɗinta ne zalla. Likita ya fito, amma bai yi magana ba, wayarsa ta yi ƙara.

Abin da aka riga aka saki ba ya mayuwa, mutane sun karanta sun wuce. Ki kwantar da hankalinki, ba wanda ya yi kukan rashin gaisuwa.

Albishirinki. Zauren ya cika har Raudatu ta buɗe na biyu. Tun ranar Juma'a wayata ba ta huta ba. Na ɗan taɓa babin gadar zare inda ya yi rauni, za ki gode mini in kin gani. Sauran biyun na riƙe su tukuna, za mu yi magana.

Aiki ya yi yawa, ana jira na a ɗakin labarai.

Awaisu.

*

Malumfashi,
ƙarshen Oktoba.

Awaisu,

Lafiya muke. Ban tambayi taka ba.

Da na karanta “na ɗan taɓa”, na ɗauka waƙafi ka gyara. Har na ce wa maigidana ashe Awaisu ya fara jin magana.

Ranar Asabar aka yi bikin 'yar maƙwabtanmu. Muna zaune a tsakar gida ana rabon waina, sai wata mata da ta zo daga Zariya, Hajiya Mero, ta ji an kira sunana. Ta ajiye kwanonta ta taso ta tsaya a kaina.

“Ke ce Maijidda mai Masaƙar Aljanu?”

Na ce ni ce, ina murmushi, na zaci yabo ne.

Ta ce, “To Allah ya isa tsakanina da ke. Me yaron nan ya yi miki?”

Na ce, “Wane yaro, Hajiya?”

“Ji ta, wai wane yaro! Manu mana! Gurgu, maraya, ba ya cin na kowa, kika sake shi a kan gada ya faɗa rami. Kwana biyu ban dafa wa mijina abin kirki ba.”

Na ce, “Hajiya, Manu bai mutu ba.”

Ta ce, “Au, ƙarya za ki yi mini a gidan biki? Har addu'a muka yi masa a zaure!” Ta ciro wayarta ta nuna mini, don ta adana babin. Matan wurin suka kewaye mu. Wata tsohuwa da ba ta san kan zancen ba ta kama salati tana tambaya ɗan gidan wa ne, yaushe za a yi jana'iza. Inna tana gefe tana cewa, “Ke Maijidda, wa kika kashe?”

A tsaye na karanta, a wayar baƙuwa, da maiƙon waina a hannuna. Sunana a sama, maganarka a ƙasa.

A nawa babin, da aka yanke gadar, tsohuwar aljana mai kaɗi ce ta jefo zarenta ta tare shi, saboda a duk wanda ya bi ta hanyar nan shi kaɗai ya tsaya ya gaishe ta. Wannan ita ce gaisuwar da ka cire don ta yi maka tsawo. Ka rushe ginshiƙi, da ka ga ɗaki zai faɗi sai ka ce laifin magini ne, ka ƙarasa shi da kanka.

Shekara guda ina ɗauke da yaron nan. A ɗakin malamai na rubuta shi, a layin asibiti na rubuta shi. Na san yadda zai ƙare tun kafin in san sunan yayarsa. Kai ka san shi wata ɗaya ka kashe shi tsakanin labarin farashin taki da na wasan ƙwallo.

Ga abin da za ka yi. Ka shiga zaure ka faɗa musu kai ka rubuta wancan. Ka saki gaisuwar, ka saki babina na gaskiya. In Lateef ya dawo ba da wannan labarin ba, kada ka ƙara rubuto mini.

Maijidda.

*

Kano,
farkon Nuwamba.

Maijidda,

Salam. Ni lafiyata lau, tunda ba ki tambaya ba. Ina gaida Goggo.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na farko na yi dariyar tsohuwar mai neman jana'iza. Na biyu raina ya ɓaci, don kin mai da ni ɓarawo.

Bari in faɗa miki yadda aka yi. Na zo buga babin, na ga an yanke gada, zuciyata ta tsinke, na ce yau yarinyar nan za ta yi abin da marubutanmu ke tsoro. Sai ga zare daga sama. Ko da gaisuwar tana nan, wannan ceto irin na fim ɗin Indiya ne, inda za a harbi jarumi a ƙirji ya tashi ya yi waƙa a kan dutse. Kin tara tsoro babi talatin, kika zo wurin biya kika ce a yafe. Mai karatu ba yaro ba ne. In ya gane ba wanda zai mutu, ya daina jin tsoro, in ya daina jin tsoro ya daina karatu.

Kuma ki dubi abin da ya faru. Hajiyar da ta tsine miki a gidan biki, ta taɓa tasowa daga kan waina saboda wani littafi? Wannan tsinuwar ita ce yabon da kowane marubuci ke nema.

Ban yi don in ƙwace miki komai ba, sunana bai fito ko'ina ba. Tun muna yara nake ɗauke miki abu ki bi ni da gudu, ke ma kin sha zuba mini barkono a koko. Taubashi ba ya laifi, kowa ya sani. Na ɗauka za ki yi faɗa kwana biyu ki yi dariya.

Abin da kika ce in yi ba zan yi ba, kuma don ke. In na fito na ce wani ne ya rubuta, ba za su ƙara yarda da ko layi ɗaya naki ba, za su ce wa ya san sauran. Mutanen da suka yi kuka za su ji an yi wasa da hankalinsu. Manu ya mutu a idon duniya. Ki karɓi gawar, ki sake rubuta babi biyun da na riƙe, Zaituna ta ƙarasa tafiyar ita kaɗai da baƙin cikinta. Wallahi zai fi. Na ce musu kina hutawa ne, amma sun fara ƙorafi.

Na saka miki wani fim na wata mata da ta rasa ɗanta a yaƙi. Rabin ƙarshe ya yi sanyi, amma ki ga yadda aka riƙe makoki ba tare da ihu ba.

Awaisu.

*

Malumfashi,
tsakiyar Nuwamba.

Awaisu,

Muna lafiya. Inna ta ce in gaishe ka, na isar.

Fim ɗinka yana cikin ambulan yadda ka aiko shi, Lateef zai mayar maka.

Barkono a koko, ka sha ruwa ya wuce. Abin da taubashi ke ɗauka abin da ake iya mayarwa ne: takalmi, hula, cinyar kaza. Ba a taɓa jin taubashi ya sayar da gonar wani ya ce wasa ne ba.

Ranar Lahadi maigidana zai kai waken suya wajen Gwarzo, na bi shi. Da muka tsallaka iyakar Kano sai ga mutane a gindin bishiyoyi a bakin titi, kowa da waya a sama, ashe nan ne sabis ke kamawa. Ya sauke ni ya wuce kasuwa. Na kunna waya, saƙonni suka yi ta shigowa har ta yi zafi.

Na zauna a kan wani dutse na sake karanta babinka a natse. Zan faɗi gaskiya don ban iya ƙarya a kan rubutu ba: ka iya. Inda Zaituna ta ci gaba da riƙe sandarsa bayan ya faɗi, ta kasa sakewa, ya yi kyau. Sannan na karanta sharhin mutane. Wata ta rubuta, “Anti Maijidda, wannan shi ne babi mafi kyau da kika taɓa rubutawa.” Mutum fiye da ɗari suka goyi bayanta. Ka san yadda wannan yake? Shekara guda ina rubutu, abin da aka fi yaba mini ba nawa ba ne. Da na bi shawararka, da haka zan zauna har in mutu, ana gaishe ni da ɗan wani.

Na daɗe a kan dutsen. Na san abin da ka faɗa zai iya faruwa, su watse su bar ni. Duk da haka na danna na yi magana da muryata. Na ce musu ga abin da ya faru, ga wanda ya yi, ɗan kawuna ne, ni na ba shi amana. Na karanta musu gaisuwar da aka cire, na karanta babina na gadar zare tun daga farko har ƙarshe, manyan motoci suna wucewa ina ɗaga murya. Wani mai rake da ke kusa ya bar rakensa ya tsaya ji. Da na gama ya ce, “Hajiya, to aljanar ta riƙe shi da kyau dai ko?”

Kafin maigidana ya dawo zaure ya kama da wuta. Wasu suna murna har da guɗa. Wasu sun ce na raina musu hankali, sun fita. Wasu kuma da yawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda na fi ganin girman sharhinsu, sun ce su dai Manu ya mutu, sun yi kukansu, ba za su karɓi ceton ba, na farkon ya fi. Ban yi gardama da su ba. Na kira Raudatu muka raba gida. Zaure na farko nawa ne, Manu yana raye, ƙanwar mijin Raudatu za ta riƙa buga mini. Zaure na biyu na masu gawa ne. Na faɗa musu marubucinsu yana Kano, sunansa Awaisu, ga lambarsa, kuma ya san yadda labari ya kamata ya tafi fiye da kowa.

Kai ka kashe shi, kai za ka binne shi. Suna jiran babi na gaba ranar Juma'a. Ka ba Lateef babi biyuna da ka riƙe.

Maijidda.

*

Kano,
ƙarshen Nuwamba.

Maijidda,

Salam. Ba na jin daɗi, ba kuma mura ba ce. Ina gaida Goggo.

Abin da kika yi mugunta ce. Kin ba mata ɗari huɗu lambata. Ana kira na ina taron editoci, ana kira na ina masallaci. Hajiya Mero taki, wadda ta tsine miki don an kashe shi, yanzu ta dawo wajena ta ce tunda an kashe a yi masa adalci. Jiya ta ce, “Malam Awaisu, gawa tana rami mako shida, ba wanka ba sallah, kai wane irin Musulmi ne?” Editanmu ya ji, yanzu duk ofis Mai Gawa suke kira na.

Ga babinki biyu, ban taɓa ko ɗigo ba.

Ban janye ra'ayina ba. Mutuwar ta fi ceton, ko gobe aka tambaye ni haka zan ce, kuma kusan rabin mutanenki sun yarda da ni. Na rubuta babi ɗaya na saki. Sun ce Zaituna ta koma magana kamar mai karanta labaran ƙarfe bakwai. Na rubuta na biyu na yaga. Na gane inda matsalar take: duk wanda Zaituna ta haɗu da shi a ƙasar aljanu, Manu ne ke tsokanar sa har ya yi magana. Ita ba ta da surutu. Yanzu ina da jaruma mai shiru a tsakiyar ƙasar da ban san hanyoyinta ba, da zanen ruwan sama da ban san yadda ake warware shi ba.

Ba haƙuri nake ba ki ba, tambaya nake. Yaya ake warware zanen? Kin ce kin san ƙarshen tun farko. Ki faɗa mini wannan kaɗai, sauran zan ƙarasa da kaina. Layi biyu ya isa.

Ko waƙa ba na iya ji yanzu. Na kunna samarin nan huɗu jiya, na ji kamar da ni suke.

Awaisu.

*

Malumfashi,
Disamba.

Awaisu,

Wa alaikas salam. Muna lafiya. An gama kai amfanin gona gida, Inna ta sa an ɗaura maka ƙullin wake da barkono, suna wajen Lateef. Ta ce ka rage kallon banza ka yi aure.

Sabis ya dawo garin nan shekaranjiya, yara suna ta ihu a titi kamar an ga wata. Na ga kiranka guda uku. Na zaɓi in amsa da biro, don abin da aka rubuta da hannu ba ka iya taɓa shi.

Babi biyun sun iso lafiya, na duba, ba ka taɓa ba. Na gode.

Ka tambayi yadda ake warware zanen. Manu ne ke warware shi. Bakin zaren yana can ƙasan masaƙar, inda mai tsayuwa da ƙafa biyu ba ya gani, sai wanda ya saba tafiya da rarrafe. Kan wannan na gina littafin tun shafin farko. A littafina ranar Juma'a zai shiga ya ja, ruwa ya sauka a garinsu, in rufe. A naka kuwa ban san yadda za a yi ba. Ba rowa nake maka ba, da gaske ban sani ba. Wanda zai yi aikin yana ramin da ka jefa shi.

Mutanenka sun yi mini magana in karɓe su. Na ce ƙofa a buɗe take ga duk mai son dawowa, amma Manu yana raye a nan, wanda ya shigo ya gaishe shi. Kaɗan sun dawo. Sauran sun ce su naka suke jira, wasunsu kuma ba za su ƙara karanta ni ba har abada. Na yi asarar su, kuma har yanzu in na tuna raina yana ɓaci.

Shawara ɗaya zan ba ka, ta marubuci ga marubuci, tunda yanzu ka zama. Kada ka yi fashin Juma'a. Ko ba shi da kyau ka saki. Za su zage ka, wata za ta ce na baya ya fi, wani wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya ba zai gaya maka inda ya yi rauni. Ka ce na gode, ka koma ka zauna ka rubuta na Talata.

In ka gama, ka aiko mini in karanta. Ina da ra'ayi.

Maijidda.